Ba Kuskure Na Yi Ba

Aikina koyar da tuƙi, kuma a shekara tara da na yi ina yi ban taɓa samun ɗaliba mai taurin ƙafa irin Likita ba. Ta haura hamsin, in ta taka birki sai goshinka ya gaisa da gilashi. Ba likitar masu rai ba ce. A ofishin gano gawarwakin yaƙi take aiki, inda ake kai ƙasusuwan da aka tono daga ramuka. Ita ke wanke su, ta jera, ta auna, ta nemo musu suna. Na taɓa ce mata ta gode wa Allah marasa lafiyarta ba sa ƙorafi, don da a mota take ɗaukarsu da sun sauka sun taka da ƙafa. Ta yi dariya har motar ta mutu.

Wata ranar Talata muna koyon ribas a filin bayan tasha, ta tambaye ni ko yaƙin ya taɓa gidanmu.

"Ya ɗauke mana Baba," na ce. "Amma mu mun yi sa'a, tun a shekarar muka samu gawarsa muka binne. Hagu, Likita. Ɗaya hagun."

"Da me aka gane shi?"

"Da rigarsa. Mama ce ta gane."

Ta tsayar da motar, ta juyo ta dube ni. Ta ce tana da kwali ɗari biyu da sha ɗaya a kan kantocin ofishinsu, kowanne da mutum a ciki, ba jinin da ya dace da ko ɗaya. Tana kuma da jinin dangi sama da ɗari uku da ba ƙashin da ya dace da su. Lallai a wani wuri an yi musaya. Don haka duk wanda aka binne da shaidar riga, tana roƙon danginsa ɗigo huɗu na jini.

Nan take raina ya ɓaci. "Wato uwata ba ta san mijinta ba ke nan?"

"Ban ce ba. Na dai sha ganin mutum ɗaya da riga uku a jikinsa, ba wadda take tasa."

Don in kunyata ta na je. Na miƙa yatsa, suka huda, suka ɗiga a wata 'yar takarda, na fito ina cika ina batsewa. Ban gaya wa Mama ba, don a ganina abin bai kai a faɗa ba. Shekara ashirin da biyu Baba yana da kabari, da sunansa a allon ƙarfe, duk farkon wata muna zuwa mu share mu cire ciyawa. Me kuma wata mai garin ƙashi za ta koya mana?

Bayan sati shida ta kira ni. Ta ce ba maganar tuƙi ba ce, in zo ofis.

Wurin tsohon sito ne, mai sanyi, kantoci har rufi, kwalaye masu ruwan ƙasa an jera kamar a shagon takalma. A tsakiya tebur uku na ƙarfe. A kan na ƙarshe an shimfiɗa takarda, an jera mutum daga kai zuwa ƙafa. Ba muƙamuƙin ƙasa, haƙarƙari bai cika ba, hannun dama daga gwiwa ya ƙare. A ƙashin cinya akwai wata 'yar taga da aka yanka da zarto. Likita ta nuna wurin, ta ce daga nan suke ɗiba su niƙa su gwada da jinin dangi. Ta ce wannan daga ramin bayan madatsar ruwa aka tono shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lambarsa tamanin da bakwai. Sau biyu ta sa aka maimaita gwajin.

"Mahaifinki ne," ta ce. "Ba tantama."

Ban yi kuka ba. Tambayar da ta fito daga bakina ita ce, to wa muke share wa ciyawa? Ta ce shi ne abin da ita ma take son sani. Sannan ta gaya mini in hanzarta, don hukuma ta yanke shawarar rufe siton. Nan da sati biyar duk kwalin da ba a sallama ba za a haɗa su a kabari ɗaya, a kafa dutse a kai, lambobi kawai. Kafin a ba mu Baba sai Mama ta zo ta janye tsohuwar shaidarta.

A hanyar gida na tsara maganar fiye da sau goma. Yaya ake gaya wa tsohuwa cewa mutumin da ta yi wa kuka rabin rayuwarta baƙo ne? Na same ta a tsakar gida tana guga, don har yau ta ƙi barin wankin mutane duk da na hana ta. Na zauna a kan bokiti, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa. Ta juya hannun rigar da ke gabanta, ta bi shi da dutsen guga, ta ninke.

"An gan shi ke nan," ta ce. "Alhamdulillahi. Ina aka gan shi?"

"Mama, kin ji abin da na ce kuwa? Na kabarin nan ba shi ba ne."

"Na sani. Ni na zaɓo shi ai."

Ta kashe soket, ta jawo kujera, ta ba ni labarin kamar mai ba da labarin tafiya kasuwa. Wata huɗu bayan an kwashe mazan unguwarmu, ruwan sama ya buɗe wani rami a bayan masana'antar bulo. Sojoji suka sa aka tono, aka jera mutum talatin da tara a farfajiya. Aka yi shela: mai nasa ya zo ya ɗauka kafin sha biyun rana, abin da ya rage za a ƙone.

"Da idona na ga jarkokin fetur a jikin bango," ta ce. "Na bi layin sau uku, ubanki ba ya ciki. Fuska babu, amma na san ƙafar mijina. Aka ɗauki ashirin da biyar, saura sha huɗu, ba mai su. Mu da muka rasa namu muna tsaye cirko-cirko. Sai Mai Keke ta nuna wani ta kurma ihu, mijina ne, mijina ne. Ke ma kin ga hoton mijin Mai Keke, ɗan guntu ne, wannan kuwa ƙafarsa ta wuce buhun da aka rufa masa. Tana ihun tana kallona. Sai na gane. Na nuna na kusa da ni na ce ni na ɗinka wannan rigar. Aka sa muka rantse, muka dangwala yatsa. Sha biyu ta buga ba ko ɗaya a ƙasa. Da fetur ɗinsu suka koma."

Mai Keke maƙwabciyarmu ce, tela, ita ta ɗinka mini kayan makaranta tun daga aji ɗaya. Ashe duk shekarun nan da wannan magana suke gaisawa.

Haushi ya turnuƙe ni. Ina shekara shida aka kai ni kabarin nan aka ce ga ubanki. Can na kai sakamakon jarrabawata. Can na je na zauna ranar da aurena ya mutu, na yi ta zuba har rana ta yi zafi.

"To wa nake gaya wa sirrina duk shekarun nan?"

"Wani bawan Allah. Ya taɓa katse ki?"

"Mama, ba abin wasa ba ne."

"Na ce wasa ne? Abin da ya sa na yi shiru, da farko tsoro ne, masu jarkokin su ne da gari. Mun yi alkawari ba mai buɗe baki. Daga baya kuma kin saba, na saba. Tashi ki ɗauko mini mayafina, yau za mu je."

Shugaban ofishin, wanda ma'aikata ke kira Mai Hatimi a bayan idonsa, mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Ya miƙe ya ba Mama kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya yi mana ta'aziyya mai tsawo. Sannan ya zaro fom ya ce layi ɗaya ne, ta sa hannu, jibi mu zo mu ɗauki Baba. Mama ta turo mini takardar ta ce in karanta da ƙarfi. Na karanta: na tabbatar cewa shaidar da na bayar a baya kuskure ce, saboda ruɗewa da firgici.

"Wa ya ruɗe?" in ji Mama.

"Haka ake rubutawa, Mama. Kowa haka yake sa hannu."

"To ni ban ruɗe ba. Ido biyu na yi ƙarya. Mu sha huɗu ne. Ka rubuta haka, ka rubuta da jarkokin fetur."

Murmushinsa ya ɗan ja baya. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya rage murya. Ya ce shi bai ji abin da ta faɗa ba, kuma don Allah kada ta sa ya ji. Rantsuwar ƙarya a gaban hukuma laifi ne, ko ta shekara nawa. In ya rubuta, dole ya tura fayil ɗin wurin lauyoyi, kuma fayil in ya shiga can sai ya yi shekara biyu bai fito ba. Kafin nan an binne lamba tamanin da bakwai tare da sauran. Maganar fetur kuwa, ba ta cikin ko wace takarda da ya gada.

"Ai shi ya sa na ce ka rubuta," in ji Mama. Ta miƙe, ta gode masa da ruwan, ta fita.

A mota na sauke mata kwandon masifa. Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Na ce kalma ɗaya ce, kalma ɗaya tal, ta sa hannu mu ɗauki ubana. Shekara sha ɗaya yana ajiye a sito kamar kayan da mai shi ya manta, yanzu kuma saboda taurin kanta za a zuba shi a rami na biyu. Ta bar ni na gama.

"In na ce kuskure, su ba ni ubanki su rufe fayil," ta ce. "Sauran sha ukun fa? Mijin Mai Keke wataƙila yana kwalin da ke kusa da na ubanki. In ɗauke nawa in lallaɓa, nasu a zuba a rami da lamba? Kuma 'ya'yan mutane sha huɗu suna kwance da sunan da ba nasu ba, danginsu suna can suna nema."

"Su zo su faɗa da bakinsu mana."

"Ba za su zo ba sai wata ta fara. Kuma bari ki ji. Ni ban yi boko ba, ban gina gida ba, wanki na yi na tashe ki. Abu ɗaya na yi a duniya da nake ɗaga kai in na tuna. Shi ne zan sa hannu a ce ruɗewa na yi? Wallahi ba da yatsana ba. Tada motar."

Gaskiya a satin nan ban so ta ba. Ina kai mata abinci in ajiye in fita. Amma ni na riƙa kai ta, a motar koyon tuƙi mai jan alama gaba da baya, gida-gida. Cikin sha huɗun, takwas sun rasu. Ɗaya ta tsufa har ba ta gane 'ya'yanta. Ɗaya ta leƙo ta taga, ta ga Mama, ta ja labule. Wata kuma ɗanta ne ya tare mu a ƙofa, ƙato, ya ce kabarin ubansa kabarin ubansa ne, in muka sake dawowa zai fasa mini gilashi. Na ce ya fasa, ɗalibaina sun riga shi gwadawa. Biyu suka yarda: Mai Keke, da wata mai sharar asibiti da ta yi ritaya. Mai Keke ta lissafo sunayen sha huɗun ba ta tsaya tunani ba, har da jerin kaburburan. Ta ce ta gaji da ɗaukar abin nan, ya fi ƙarfin bayanta.

Ranar Litinin su uku suka zauna a bencin da ke ƙofar Mai Hatimi. Ya fito ya ce ba zai karɓi maganar ba. Suka ce ba komai, suna nan. Ranar Talata suka dawo, Laraba ma haka. Duk wanda ya zo wucewa, ma'aikaci ko dangin da suka zo ba da jini, sai Mai Keke ta tsayar da shi ta ba shi labarin jarkokin daga farko. Ran Alhamis Mai Hatimi ya ce zai kira 'yan sanda.

"Kira su, ɗana," in ji Mai Keke. "Amma ka ce su zo da ƙaramar mota, gwiwata ba ta hawan akori-kura."

Likita ce ta fito da kujera daga sito, ta zauna a gabansu da takarda a cinya, ta rubuta bayanin kowacce da hannunta, ta karanta musu, suka dangwala. Sannan ta shiga wurin Mai Hatimi ta bar ƙofar a buɗe, don haka muka ji komai. Ta ce ba a binne kwalayen sai ta sa hannu cewa an bi duk hanyar da za a bi an rasa. Ga hanya sha huɗu a hannunta da ba a bi ba, don haka ba za ta sa ba. Ya ce ta san abin da take yi wa aikinta kuwa? Ta ce ta sani, saura shekara biyu ta yi ritaya, kuma ko yau aka sallame ta ta kusa iya tuƙi, za ta nemi tasi. Wannan ƙaryar ce ta fi ta su Mama girma.

Kwana tara suka yi a bencin. A na goma ya karɓi takardun ya buga hatimi, ko kallonsu bai yi ba. Fayil ɗin Mama ya tafi wurin lauyoyi kamar yadda ya ce, har yau yana can, kuma duk wasiƙar da ta zo gidan sai gabana ya faɗi. Amma an ɗage binne kwalayen, an ba da izinin buɗe kaburburan. Namu aka fara buɗewa. Cikin sati uku gwaji ya fito, don dangin mutumin sun ba da jini tun shekara goma sha biyar baya. Saurayi ne ɗan ashirin da uku, mai gyaran rediyo.

Bayanin da Mama ta dangwala wa yatsa shi ya tsaya a madadin fom ɗin, amma sai da aka yi wata huɗu kafin a sallami Baba. Ranar da muka je ɗauka, mun tarar da wata mata a ɗakin jira, doguwa, da jakar malaman makaranta a kafaɗa, an ajiye kwali a kan teburin gabanta. Likita ta fito da namu, ta miƙa wa Mama, ta tsaya tana kallon ƙasa. Matar ta dubi Likita, ta dubi Mama.

"Ke ce?" ta ce. "Ke kika ɗauke mana shi?"

"Ni ce."

"Ni yayarsa ce. Gidanmu layi huɗu ne daga makabartar nan. Uwarmu ta jikin katangar take bi kullum in za ta kasuwa. Duk ramin da aka buɗe a ƙasar nan sai da ta je ta tsaya a bakinsa. Bara waccan ta rasu, tana cewa a bar masa ƙofa a buɗe. Layi huɗu, baiwar Allah. Shekara ashirin da biyu."

Na buɗe baki zan ce mata da ba don uwata ba ko toka ba za ta samu ba. Mama ta taka mini ƙafa.

"Na ɗauke shi daga gaban wuta," ta ce, "kuma in aka maido ranar zan sake ɗauka. Wannan ba zan ba ki haƙuri a kai ba. Amma tsoro ya wuce tun tuni, na ci gaba da yin shiru, don shirun ya yi mini daɗi. Wannan ba ni da abin cewa. Laifina ne. In ba ki ga damar yafewa ba, kada ki yafe."

"Ban yafe ba."

"To."

Matar ta rungumi kwalinta ta nufi ƙofa. Na juyo zan ce wa Mama mu tafi, sai na ga hawaye yana bin fuskarta. Ranar da aka ce an ga Baba ba ta yi kuka ba. Ga shi yanzu a hannunta, amma ba shi take kallo ba, kwalin da ke fita take bi da ido. Ta dungura mini Baba a ƙirji.

"Riƙe ubanki," ta ce.

Ta bi matar da sauri, silifas ɗinta yana kaɗawa a siminti, ni ina biye da kwali. A bakin matakala ta cim mata.

"Ba yafiya na biyo ki nema ba," in ji Mama. "Sunansa nake so. Shekara ashirin da biyu ina kiransa da sunan mijina."

Matar ta tsaya, ba ta juyo ba. Na ɗauka wucewa za ta yi. Can sai ta faɗa, a hankali, tana fuskantar titi. Mama ta maimaita. Matar ta gyara mata, don ba ta faɗa daidai ba. Mama ta sake faɗa, wannan karon daidai, ta tsaya a wurin har matar ta tsallaka titi da ƙaninta.